Ranar da Katanga Ta Tanka wa Tahiru

Da muciya a hannu na fara sanin Tahiru. Tuwon rana na bari a kan wuta na tafi nemansa har shantiyen ginin da yake aiki, kuma niyyata in fasa masa kai.

Shekara ashirin ke nan. Lokacin ina sayar da tuwo da shinkafa a wannan fili na bayan kasuwar Assihar a Tamanrasset, inda nake har yau. Magina da leburori ƴan Nijar su ne masu cin abincina. Wata Asabar sai na lura duk wanda na zuba wa miya, sai ya leƙa kwanon, ya gyara zaman hularsa, ya fashe da dariya. Na farko ya yi na ƙyale. Na biyu ya yi na ƙyale. Na uku na kama masa kunne. Shi ya gaya mini wai jiya wani sabon zuwa daga Damagaram ya sa ni a waƙa, har an ɗauka a kaset. Na ce maimaita in ji. Ya ce tsoro yake ji. Na ƙara murɗa kunnen, sai ga waƙa ta fito:

Miyar Hawwa madubi ce,
Leƙa ka ƙirga haƙoranka.
In ka sa hannu neman nama,
Abin da za ka kamo yatsanka.

Ni Hawwa, da na baro Dakoro da tukunya biyu da marayu uku, na ratsa hamada a bayan babbar mota, wai ni ɗan jiya zai mayar abin dariya a garin mutane.

Na same shi a saman katako, hawa na biyu, yana yaɓe. Siriri kamar kara, da wandon da ƙato biyu za su shiga su bar wuri, ga hula ya juya bakinta baya.

Na ce, "Wane ne Tahiru a cikinku?"

Ya leƙo ya ce, "Sai mun ji mai nema, Inna."

"Sauko."

"Daga nan ma ina jin ki rangaɗau."

"Sauko in nuna maka naman."

"Alhamdu lillahi. Tun ran Talata nake cigiyarsa."

Duk shantiyen ya ɗauka da dariya, har Balaraben da ke da ginin, wanda bai ji ko kalma ɗaya ba. Ya sauko kuwa. Na ɗaga muciya, sai idona ya faɗa kan tsagar da ke kumatunsa. Babarbare ne. Shi ma ya dubi hancina da baƙin zanen da ke gefen bakina, ya tafa hannu.

"La ila! Ashe Bafulatana ce. Baiwata, ke ce kika wahalar da kanki har nan? Ai da kin aiko."

To, me zan yi? Tsakanin Fulani da Barebari wasa ne tun kakannin kakanni. Su zage mu, mu zage su, wanda ya yi fushi shi ya ji kunya. Muciyar ta yi mini nauyi. Na dai sauke masa ita sau ɗaya a kafaɗa don kada tafiyata ta zama ta banza, na ce tunda bawana ne, akwai aiki. Iska tana zuba mini rairayi a tukunya, ina son katanga a madafa. Juma'a uku ya yi yana gina ta da ragowar bulon da ya roƙo, bakinsa bai rufu ba ko sau ɗaya. Katangar tana nan har gobe, ko tsagewa ba ta yi ba.

Daga nan ya mayar da filina wurin waƙarsa. A ƙasar nan Juma'a ce ranar hutu. Da an sauko daga la'asar sai ya zo da akwatin kiɗa a kafaɗa da mikoro, wato makirufo, a aljihu, samari su cika wurin, wasu a kan benci, wasu a kan bulo. Su rap suke ce wa abin. Ni na ce gambara ce aka sa wa babban wando.

Amma bari in faɗi yadda yake aikinsa, don a nan maganar take. Tahiru ba ya zuwa da waƙa a shirye. Bai taɓa rubuta layi ba, ko da yake ya ɗan taɓa lekkol, makarantar boko. Sai ya kunna kiɗa, ya duba cikin mutane, ya zaɓi ɗaya, ya kira sunansa da na garinsu, ya jefa masa baƙar magana. Wanda aka jefa dole ya rama. In ya rama, sai Tahiru ya cafe ramuwar tun ba ta faɗi ƙasa ba, ya juya ta, ya ɗinke ta da kiɗa, ya mayar masa da ita ta fi ta farko zafi. Wani ya shigo daga can, wani daga can. Haka za a yi ta yi har a kira magariba. Waƙarsa zagi take ci, kamar yadda murhuna ke cin itace. Ba zagi, ba wuta.

Kuma kada a raina abin. Mutanen nan kwana shida suke yi ba wanda ya kira sunansu, sai "kai, zo", "kai, ɗauko". Ran Juma'a mutum ya ji an ambaci sunansa da na ƙauyensu a cikin mikoro, ko da ana cewa kansa kamar tulu ne, sai ka ga ya miƙe ya ƙara tsawo. Da kaset ake ɗauka, daga baya aka koma salula. A aika gida, tsohuwa a Magarya ko Mayahi ta ji muryar ɗanta yana ramuwa, ta san yana raye kuma ya ƙoshi, don mai yunwa ba ya irin wannan baki.

Bai yi kuɗi da waƙa ba, bai yi suna ba. Kwana shida magini ne kamar kowa. Da ya ɗan zauna da gindinsa ya ɗauko matarsa Sa'adiya da ƴarsu ta fari, Jannatu, tana ƴar shekara huɗu. Mutumin da ya san sunan magina ɗari huɗu da garuruwansu, ban taɓa jin ya kira sunan yarinyar nan ba. Kunyar ƴar fari. Sai dai "waccan", ko "ƴar gidan nan". Amma in ta yi zazzaɓi ba ya iya riƙe cokalin gini.

Shekaru suka yi ta wucewa. Waɗanda ya fara da su, wasu sun koma gida, wasu sun yi arewa ba a sake jin su ba. Sababbi suna zuwa, kowace shekara sun fi na bara ƙuruciya. A da Tahiru ake ce masa. Aka koma Yaya Tahiru. Wata rana na ji wani ya ce Kawu, na ga ya waiwaya yana neman wanda ake kira. Ƙurar siminti kuma ta zauna masa a ƙirji, in ya ja layi takwas sai ya tsaya ya yi tari.

Shi a ganinsa gemu ne matsalar. Ya je cikin Assihar ya sayo baƙin rini ya shafa. Ran Juma'ar, cikin zafin bazara, waƙa ta yi waƙa, gumi ya karyo, sai ga baƙin ruwa yana bin wuyansa har cikin farar riga. Wanda ya fara gani Rashidu ne, wani magini ɗan Tasawa da ya fi kowa iya ramuwa. Ya ɗaga murya ya ce, "Kawu, gininka yana yoyo, a kira mai yaɓe!" Tahiru ya shafa wuya, ya dubi hannunsa, ya yi dariya har ya durƙusa, sa'annan ya yi kusan rabin sa'a a kan gemun nan shi kaɗai. Ranar ko ni sai da na share hawaye da bakin zane. Shekara huɗu suka yi haka shi da Rashidu, in ɗaya ya jefa ɗaya ya cafe.

Ashe Jannatu tana saurare ta tagar ɗakina. Ita ta ga yaron ta ce shi take so. Da aka kawo magana Tahiru ya fi kowa murna. Ya ce mini, "Yaron da bai ji tsoron bakina ba, ba zai ji tsoron aiki ba." Aka yi biki, ni na dafa. Shi bai hango abin da ke tafe ba. Ni ma da nake ganin na fi kowa wayo a Tamanrasset ban hango ba.

Juma'ar farko bayan biki ya zo da akwatinsa kamar kullum. Wuri ya cika. Sai ga Rashidu. Yana hango surukinsa sai ya tsaya a bakin fili, ya tuɓe takalma, ya durƙusa, kansa a ƙasa, ya yi gaisuwa da muryar da ko kaza ba za ta firgita ba. Ya tashi ya sulale. Daidai ya yi, haka aka koya masa a gida, haka ni ma zan so a yi mini. Ina suruki zai tsaya yana kallon uban matarsa yana tsalle da mikoro?

To amma abokansa fa? Su ne suka raka shi neman aure, su ne suka durƙusa tare da shi a zauren Tahiru. Uban matar abokinka ubanka ne. Duk suka gyara zama, masu sigari suka kashe.

Tahiru ya kunna kiɗa. Ya duba, ya zaɓi Isufu, babban abokin ango. Ya ce Isufu na Matameye wuyansa igiyar guga ce, da shi ake ɗebo ruwa a garinsu. Ya miƙa masa kunne yana jira.

Isufu ya haɗa hannu biyu ya ce, "Allah ya ƙara girma, Baba."

Kiɗa yana ta bugawa shi kaɗai. Tahiru ya juya ga wani, ya jefa. Wannan ya yi murmushi ya ce, "Gaskiya ne, Baba." Na uku ma tashi ya yi ya kawo masa kujera.

Ya kashe akwatin da kansa. Ya naɗe wayar mikoro a hankali, zagaye bayan zagaye, ya ce yau maƙogwaronsa ba daɗi. Suka ce Allah ya sawwaƙe, Baba.

Wata bakwai bai sake ba. Ya ajiye babban wando, ya ɗinka doguwar riga, ya sayi carbi. Sa'adiya da fari har sadaka ta yi, ta ce yau mijinta ya zama mutum. Ba a yi wata biyu ba ta zo ta zauna mini a bakin murhu ta ce, "Inna, mutumin nan ba nawa ba ne. Jiya da gangan na zabga gishiri a miya. Ya cinye tas, ya ce an gode."

Wata rana da hantsi, babu kowa, ya zo ya zauna a bencina. Na zuba masa, yana ta juya cokali. Can ya ce, "Inna, ki gaya mini tsakani da Allah. Na tsufa da abin nan ko?"

Ni da bakina. Na ce, "Sai yau ka sani? Ai tun da aka haife ka tsoho ne kai, Barebari da furfura ake haifar ku."

Na tsaya ina jiran ramuwa. Shekara ashirin ban taɓa jefa masa ɗaya ta faɗi ƙasa ba. Sai ya gyaɗa kai ya ce, "Haka ne." Ya ajiye cokali ya tafi.

Ranar tuwona ya ƙone, karo na biyu a kan mutum ɗaya.

Bayan haka tarin ya ƙaru. Lokotoro a asibiti ya duba ƙirjinsa ya ce shi da siminti sun rabu, in yana son ya ga jikoki. To, a Tamanrasset in ba ka gini, ba ka da shago, me kake yi? Ya ce gida za shi, Damagaram. Aka sa rana, Lahadi.

Ni kuwa na ce wallahi ba zai bar mini fili da wannan fuskar ta liman ba. Na sa Sa'adiya ta fito mini da akwatin kiɗa a cikin buhun shinkafa. Na ce wa Isufu ya tara mutane ran Juma'a a yi bankwana. Sa'annan na aika aka kira mini Rashidu.

Na ce, "Kai ka kashe shi, kai za ka tashe shi."

Ya zaro ido. "Ni, Inna? Me na yi?"

"Ladabi ka yi. Ran Juma'a ina son bakin nan naka na da."

"Haba Inna. Surukina ne fa. In uwata ta ji a Tasawa, tsine mini za ta yi."

"Na ce ka tsaya gabansa? Na ce ya gan ka? Ka ga madafar can? Tun azahar za ka shiga ka zauna bayan katanga, tsakanin buhun gawayi da tulu. Kunya ido take bi. Wa zai ce ya ga Rashidu?"

"Ai za a gane muryata."

"Toshe hanci. Da ma hancin Tasawa ba shi da wani amfani."

Ya ce sai ya shawarci Jannatu. Na ce je ka. Na san abin da za ta ce, a cinyata ta girma.

Ran Juma'a fili ya cika har kan titi, har mata suka tsaya a bakin ƙofata, Jannatu a cikinsu da cikinta wata shida. Tahiru ya zo da farar riga da carbi. Ya ga akwatin a kan benci, ya dube ni, na dubi sama. Isufu ya miƙa masa mikoro. Ya karɓa kamar an ba shi jaririn wani. Ya ce, "Jama'a, ni dai jibi zan tafi. Shekara ashirin ina kiran sunayenku da abin da bai dace ba. Wanda na ɓata wa, ya yafe mini."

Suka amsa baki ɗaya, "Ba komai, Baba."

Na miƙa ƙafa na taɓa Isufu, ya danna kiɗa. Sa'annan na tattara duk muryar da Allah ya bar mini, daga kan kujerata na ce, "Kai bawan Fulani! Wa'azi muka zo ji? Gemun ne ya yi maka nauyi, ko harshen ka kai wanki ba a dawo da shi ba?"

Samari suka sunkuyar da kai. Wani yaro ya ce subhanallahi. Ni ba ruwana, ni kaɗai ce a filin nan da al'ada ta ba ni bakin zaginsa ko ya kai shekara ɗari. Na ga carbin ya tsaya a hannunsa. Na ga ƙafarsa ta dama ta fara taɓa ƙasa. Ya sa carbin a aljihu.

Jama'a ku ji tsohuwar Dakoro,
Haƙori biyu, harshe goma.
Shekara ashirin ina cin miyarta,
Har yau ina cigiyar nama.

Aka yi wata irin dariya ta ɓoye, kowa yana rufe baki. Na rama, ya rama. Amma ni kaɗai ba zan iya riƙe shi ba, numfashina ma na tsohuwa ne. Ya ja layi shida sai tari ya kama shi. Ya dafa gwiwa. Na ga Isufu ya fara neman kujera da ido, na ce a raina shi ke nan, an sake binne shi.

Sai wata murya ta fito daga madafa, siririya, ta cikin hanci: "Mai waƙa, iskar ce ta ƙare? A kawo famfon keke?"

Babu wanda bai gane muryar ba. Babu kuma wanda ya waiwaya. Duk ido ya koma kan Tahiru. Ya ɗago a hankali, ya dubi katangar nan, ya daɗe yana dubanta. Sa'annan ya taka har gabanta, ya dafa ta da tafin hannu.

Yau katanga ta yi magana,
Ni na ɗora ta, bulo bulo.
Na jingina mata abin da na fi so,
Ta riƙe da kyau, ina nan ina kallo.

Na waiwaya bakin ƙofa. Jannatu ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa.

Daga nan wuri ya ɓalle. Tunda katanga ta yi, wa zai zauna? Isufu ya miƙe ya ce wuyansa dai igiyar guga ce, amma ta fi ƙirjin da ke kuka kamar tsohuwar ƙofa. Wani ya shigo, wani ya shigo. Katanga kuwa ba ta yi shiru ba har magariba. Tahiru layi huɗu yake yi ya tsaya ya huta, kuma duk inda ya tsaya sai su cika gurbin da ihu da zagi har ya dawo. Ni dai ban taɓa jin daɗin waƙarsa kamar ranar ba. A da, da gudu yake yi kamar wanda jandarma suka biyo, rabi ba na kamawa. Ranar kowace kalma sai da ta zauna.

Ina jin samari suna gardama a bencina, wai abin nan na yara ne, in mutum ya kai arba'in ya ajiye. Ba na sa musu baki. Na dai san tari bai hana Tahiru ba, furfura ba ta hana shi ba. Kujerar da aka kawo masa ce ta kusa gamawa da shi.

Ran Lahadin da ta wuce, da sassafe, suka biyo ta wurina shi da Sa'adiya za su tashar motar In Gezzam, hanyar gida. Rashidu yana can baya ɗauke da kaya, takalmansa a hannu, kansa a ƙasa, kamar bai taɓa sanin hanyar madafata ba. Na ba Sa'adiya ƙullin yaji da busasshen nama. Na ce wa Tahiru ga naman da yake cigiya, ya daina bi na da sharri.

Ya yi dariya, sa'annan ya ciro mikoro daga aljihu, wayar a naɗe, ya ajiye a kan bencina. Ya ce, "Ki ba wa yaran. Can gida wa ya san ni da wannan? Ina sauka Baba zan zama, ƴaƴan ƙannena ma sun yi aure. Kowa durƙusa mini zai yi, Inna."

Na ɗauka na cusa masa a aljihun gaba, na danna da hannuna don kada ya fitar. Ƙirjin nan duk ƙashi.

Na ce, "Ɗauki tarkacenka, ba ni da wurin ajiya. In ka isa, ka bi unguwa-unguwa ka nemo tsohuwar Bafulatana marar kunya, ka kama haya kusa da ita. In Damagaram duk ta rasa, ka sa a kira ni a salula ran Juma'a bayan la'asar, ka kanga ta a bakin mikoron. Zagin da na tanadar maka ko rabi ban taɓa ba. Wuce, bawana, mota ba ta jiran Barebari."